Dalhatu da Tsohuwar da Aka Kasa Jin Yarenta

Dalhatu ɗan Buba ya tashi ne a wata ruga da ke arewa da Cadawa, inda ake kwana da Fulatanci a tashi da shi, sai ranar kasuwa a ɗauko Hausa kamar yadda ake ɗauko rigar fita. Mahaifiyarsa Kadi takan kai nono cikin gari, shi kuma yana biye da ita riƙe da ludayi. Hausar Kadi irin ta matan ruga ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Sai ta dubi mai sayen nono ta ce, "Matarka ya zo jiya, ya ce kai ce ba ka son fura." Hausawa su yi ta dariya, ita ma ta taya su ba tare da ta san abin dariyar ba. Dalhatu ba ya cewa komai sai sun kama hanyar gida. Nan ne zai fara. Ya yi muryar mahauci Bakatsine, ya yi ta Bagobirin nan mai sayar da igiya da ke cewa "mi kaka so, yaro?", ya yi ta kafinta Bayarabe, har ya gangaro kan Kadi kanta. Takan sauke ƙwarya ta zauna a gindin kalgo don kada dariya ta sa ta ɓarar da abin da ya rage.

A wajen kiwo kuwa ba shi da amfani ko kaɗan. In aka ba shi shanu, za a iske su cikin gonar mutane, shi kuma yana bakin rijiya ya saki baki yana sauraren fatake. Saboda haka da aka zo neman yaran da za a sa lakol, makarantar boko, Buba bai ɓoye shi cikin rumbu ba kamar yadda wasu suka yi da nasu. Hannunsa ya kama ya miƙa.

A lakol doka ce ba a magana sai da Faransanci. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Fulatanci, sai a rataya masa wani ƙashin akuya a wuya, wanda ake kira sambol, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Dalhatu ya sha wannan ƙashi har igiyarsa ta san wuyansa. Ba don bai iya Faransancin ba. Ya ma riga kowa kama shi, har da irin yadda mushe, malaminsu, ke shigar da magana ta hanci. Bakin ne kawai ba ya iya zama a layi ɗaya.

Yana cikin firamare aka yi farin shekarar saba'in da uku. Garken Buba ya zube kamar ganyen kaka, abin da ya tsira bai cika yatsun hannu biyu ba. Tun daga nan Buba ya ƙudurta a ransa cewa yaron nan likitan dabbobi zai zama, irin na elbaj, ma'aikatar kula da dabbobi, masu zuwa da allura da farar riga. Duk bakans, in an ba su hutu, sai ya maimaita masa. Dalhatu ya ce to, da gaske kuma yake nufi. Amma da ya je lise, babbar sakandare, a Maraɗi sai lissafi ya ƙi shi ƙiri-ƙiri, shi ma ya ƙi lissafi. Ya samu bak, takardar gama lise, aka tura shi jami'a a Yamai, aka rubuta masa wani karatu da bai taɓa jin sunansa ba, wai langwistik. Ya tambayi wani babban ɗalibi, aka ce masa ilimin harsuna ne. Ya shiga motar Yamai jikinsa a sanyaye, yana tunanin abin da zai gaya wa tsoho.

Ranar farko malaminsu, wani dogon mutum mai suna Mushe Attahiru, ya shigo ya ajiye jaka, bai ko gaishe su ba ya ce kowa ya faɗi yadda ake cewa ruwa da harshen uwarsa. Bazabarme ya ce hari. Wani Buzu mai rawani ya ce aman. Wata 'yar Barebari daga gabas ta faɗi nata. Da aka zo kan Dalhatu sai ya ji hannunsa ya kai wuya da kansa. Ya waiga, ba wanda ke riƙe da ƙashi. Ya ce, "Ndiyam." Malam ya ce ya sake faɗa, a hankali. Ya sake. Malam ya rubuta a allo, ya ja layi ƙarƙashin ƙarshen kalmar, ya tambaye shi nono, ya tambaye shi jini, ya tambaye shi gishiri mai narkewa. Sai ga shi duk wutsiyarsu iri ɗaya ce. Dalhatu ya shekara ashirin yana faɗin waɗannan kalmomi bai taɓa lura ba. Dariya ta kama shi a tsakiyar aji, ya toshe baki ta ƙi toshuwa, har malam ya ce ya fita ya sha iska ya dawo.

Daga ranar ya zama kamar wanda ya sha wani abu. A ɗakin cin abinci ba ya barin kowa ya ci cikin salama, sai ya sa mutum ya ajiye cokali ya faɗi "kai" da "kaina" da "kawunanmu" da yarensu. Yakan tsaya gaban madubi ya buɗe baki yana kallon inda harshe ke taɓawa in an ce ɗa, da inda yake taɓawa in an ce da. 'Yan ɗakinsu suka fara ɓoye madubin. Ranar da aka koya musu cewa Hausa ta raba duniya gida biyu, namiji da mace, amma Fulatanci ya raba ta gida ashirin da wani abu, saniya da gidanta, abin da ke zuba da gidansa, ƙananan abubuwa da nasu, kuma a cikin duk gidajen nan babu ruwan kowa da namiji ko mace, sai ya miƙe tsaye a aji ya ce, "Ashe Inna ba ta da laifi." Ba wanda ya gane abin da yake nufi. Shi kuwa ji ya yi kamar ya taka da ƙafa har Cadawa.

Da ya zo bakans ya zaunar da Kadi ya bayyana mata duka, da hannu da ƙafa. Ta saurara tana kaɗa nono. Da ya gama ta ce masa da Fulatanci, "To ai sai ka je kasuwa ka gaya wa Hausawan."

Da Buba abin ya fi wuya. Tsohon ya bar shi ya gama zuba, sannan ya tambaye shi, "Wannan karatun naka yana tashin saniya in ta kwanta?"

"A'a, Baffa."

"Yana gane ciwon huhu?"

"Ba ya ganewa. Amma Baffa, ka taɓa lura in Bahaushe ya ce fari yana nufin launin sa, muryarsa a sama take tsayawa, in kuma ya ce fari yana nufin rashin ruwa, sai ta faɗo ƙasa a ƙarshe? Saurara ka ji."

Ya faɗa masa su biyun, ya sake faɗa, idonsa na ƙyalli. Buba ya juya ga Kadi ya ce Allah ya ba shi ɗa mai murna a banza. Bai sake tayar da zancen elbaj ba.

Daminar tamanin da huɗu ta ƙi. Hatsi ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, ciyawa ba ta ko leƙo ba. Buba ya kora abin da ya tara a shekarun nan ya nufi kudu wajen Nijeriya, ya bar Kadi wurin wata 'yar'uwarta cikin Cadawa, inda suke jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu na kaiwa baki. A bazarar da ta biyo baya, Dalhatu yana shekararsa ta uku, Mushe Attahiru ya raba musu manyeto, akwatin ɗaukar murya, da kasat da pil, wato batir, ya ce kowa ya tafi ƙasarsu ya ɗauko maganar mutane. Shi Dalhatu aka ba shi Hausar Gobirawa. Ya biya ya ga Kadi, ya bar mata ɗan garin rogo da ya zo da shi, ya hau kamyo, babbar motar hatsin taimako, ya sauka Cadakori.

Abin da ya tarar ba shi ya zo nema ba. A bayan gari, ta hanyar da ke gangarowa daga Dakwaro, mutanen arewa sun yi sansani. Bukkoki na tabarma da tsumma da buhu, ba dabba ko ɗaya sai jakai masu ƙirga haƙarƙari. Akwai Buzaye, akwai Bororo, akwai Adarawa, akwai waɗanda ba a ma san daga ina suke ba. Dalhatu ya tsaya da manyeto a kafaɗa, kunya ta rufe shi, ya cusa akwatin cikin riga. Amma kunnensa bai ji kunyar ba. Ta kowane gefe wani yare ne ke tashi, sai ya ji zuciyarsa na tsalle, ya yi mata faɗa, ta ci gaba da tsallenta.

Kafin la'asar 'yan samariya, ƙungiyar matasa, masu rabon jar dawa sun gano cewa ga mai jin Fulatanci da Faransanci da ɗan Zabarmanci, suka damƙe shi. Aka tsayar da shi wajen tukunyar kunun yara a bayan dispanser, ɗan asibitin garin, yana gaya wa matan Bororo su kawo ƙananan tukuna. Mai riƙe da ludayin tukunyar wata budurwa ce 'yar garin, Zalika, wadda ke taimaka wa anfirmiye, ma'aikacin jinya. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi, Gobiranci ne tsantsa, irin wanda aka aiko shi ya ɗauka. Ta ce da wata yarinya, "Tahi ki ɗauko ƙwaryakku, wagga ta hwashe." Dalhatu ya ji kamar an zuba masa zuma a kunne.

"Don Allah sake faɗa," in ji shi.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mushe, kunu muka zo rabawa ko karatu?"

Tun daga nan Mushe take kiransa, ba kuma don girmamawa ba.

Ita ce ta ba shi labarin wata tsohuwa. Wani direban kamyo ne ya sauke ta a ƙofar dispanser ba ta cikin hayyacinta, ya ce a bakin hanya ya tsince ta kusa da mushen jaki, ya wuce abinsa. An yi mata magani ta farfaɗo, tana ci tana sha, amma ba wanda ke jin abin da take faɗi. Shigarta ta Buzaye ce. An kawo matan Buzaye daga sansani, suka saurara suka ce suna tsintar kalma nan da can, amma maganar ba ta haɗuwa. An gwada Larabci, an gwada Fulatanci, an gwada Barbarci. Wasu suka fara cewa wahala ta taɓa mata kai, wasu suka ce iskoki ne ke magana ta bakinta. Ga shi in namiji ya leƙo ɗakin sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi gum.

Dalhatu ya ce a ransa, mahaukaci ma da yaren wani yake haukarsa. Ya fito da manyeto daga riga, ya koya wa Zalika inda ake dannawa, ya roƙe ta ta ajiye shi kusa da tsohuwar in tana ba ta abinci. Ta karɓa tana cewa ita ba ta ga amfanin ɗaukar surutun marar lafiya ba.

Ya samu kasat guda cike. Ya zauna a inuwar bishiyar bedi kusa da inda jandarmomi masu gadin hatsi ke shan shayi, ya kunna, ya mayar, ya kunna. Magana ce mai tsari, ba shakka, wasu kalmomi na dawowa a wuri ɗaya. Akwai wata da take yawan faɗi, "dambala", wadda ya yanke cewa lalle aikatau ce, wataƙila tana nufin ku taimake ni. Yana cikin haka sai wani jandarma mai ƙiba, Amadu, Bazabarme daga wajen Doso, ya ajiye kofin shayinsa ya juyo.

"Kai ɗan lakol, wa ke lalata Zabarmanci cikin akwatin nan?"

"Shef, ka ji wani abu?"

"Na ji ta ce koy, tafiya ke nan. Na ji ize, ɗa. Sauran kuwa shirme ne."

Sai ga muryar Mushe Attahiru ta dawo wa Dalhatu. Wata rana a aji, ana zafi kowa na gyangyaɗi, malam ya taɓa ambaton wasu mutane can wajen Ingal da Abalak, Igdalan, malamai ne makiyaya, shigarsu ta Buzaye, amma yarensu ƙashin bayansa dangin Zabarmanci ne, naman jikinsa kuma Buzanci. Ya ce matansu ba su cika cuɗanya da baƙi ba, shi ya sa tsofaffinsu wasu ba su jin komai sai shi. Malam ya ce shi kansa a takarda kawai ya san yaren, bai taɓa jinsa da kunne ba.

Dalhatu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya taka kofin shayi, ya kama hannun jandarma da kaki da bindiga yana ja, yana magana da yare uku a haɗe. Sauran jandarmomi suka tashi za su kama shi, Amadu ya ce su bar shi, yana so ya ga ƙarshen wannan hauka.

Da yake tsohuwar ba ta magana gaban maza, sai aka kafa zana a tsakiyar ɗakin. Zalika da tsohuwa da manyeto a ciki, Dalhatu da Shef Amadu a waje, tsugune, jandarma ya cire hula ya manna kunne a zana, gumi na bin wuyansa. Mutane suka taru a taga. Dalhatu ya ce wa Amadu ya faɗi ɗa da Zabarmanci, da murya mai taushi. Amadu ya gyara murya ya ce, "Ize."

Sai aka ji tsohuwar ta ja numfashi, ta maimaita kalmar, ta ɓarke da magana kamar an fasa tulu. Zalika ta ce ga ta tana nuna ƙasa da tafin hannu, kamar tsawon yara, tana lanƙwasa yatsu. Suka ji ta ce, "Fo. Hinka."

"Ɗaya, biyu," in ji Amadu, yana washe baki.

"Karad. Akkoz."

Amadu ya girgiza kai. "Wannan ba namu ba ne."

Sai daga bayan zana aka ji wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Uku. Huɗu."

Zalika ce. Maganar ta fita kafin ta kama ta. Mutanen taga suka dubi juna, don a Cadakori gidansu Zalika manoma ne Gobirawa, haka suke kiran kansu, haka kuma ake kiransu a gabansu. Kowa ya san kakanninsu Buzaye ne da suka sauko daga arewa suka kama garma, amma ba zance ne da ake yi ba. Kakarta ta wajen uwa ce ta raine ta, ita kuwa har ta rasu in za ta yi faɗa ko lallashi da Buzanci take yi.

Dalhatu ya manna goshi a zana ya ce, "Zalika, kina ji ke nan?"

Ta ce, "Kaɗan. Na kaka ne, ya tsufa."

"Shi muke so. Tsohon muke so."

Haka suka wuni. Tsohuwa ta faɗi magana, Amadu ya ciro rabinsa, Zalika ta ciro nata, Dalhatu ya ɗinka su, in ɗinkin bai kama ba a sake tambaya. Wani lokaci su tafi daidai, wani lokaci su faɗa rami. Sun ɗauki tsawon lokaci suna jajanta mata mutuwar mijinta kafin su gane jakin take nufi. Amadu ya yi dariya har ya faɗa kan zana ta rufta, tsohuwa ta rufe fuska, aka sake kafawa. Can sai ga ita ma tana dariya a cikin mayafi, karo na farko tun da aka kawo ta. Dalhatu ya kasa zama. Ya tsuguna, ya miƙe, ya zagaya ɗakin, ya rungumi anfirmiye da ya shigo ɗaukar allura.

Kafin rana ta yi sanyi sun san sunanta Tala. Ta taso daga arewa da ɗanta Alkasum da matarsa da jikoki huɗu bayan raƙumansu sun ƙare. Ita tana kan jaki a baya, zazzaɓi ya kama ta, jakin ya bi wata hanya da ita, ya je ya faɗi. Sai dai inda suka nufa ne ya gagara. Duk tambayar da aka yi mata sai ta ce dambala. Amadu ya ce ba Zabarmanci ba ne. Zalika ta ce ba ta taɓa jin kaka ta faɗa ba.

Dalhatu ya yi ta juya kalmar a baki. Sai ya tuna madubin Yamai. Duk wunin nan bai ji tsohuwar ta yi ɗa irin ta Hausa ko sau ɗaya ba, bakinta bai san ta ba. In ta ji Bahaushe ya faɗe ta, sai ta mayar da ita "da". Ya faɗi kalmar da ɗa, a hankali, sai ta rabe biyu a bakinsa.

"Ɗan Bala," ya ce. "Ba taimako take nema ba. Sunan mutum ne. Kwana da kwanaki tana gaya mana sunan mutum, ni kuma ina nan ina neman yadda ake juya shi."

Wani tsoho a taga ya ce in dai Ɗan Bala dillalin shanu ne na Gidan Rumji, ai kowa ya san shi, shi ke saukar da malaman arewa in sun zo.

Washegari Shef Amadu ya samo izinin motar jandarma. Aka shimfiɗa wa Tala tabarma a baya, Zalika na riƙe da ita, Dalhatu a gefe da manyeto a cinya. Duk hanya bakinsa bai rufu ba, yana nuna abu yana tambayar sunansa ta bakin Zalika, tsohuwa na amsawa daga cikin mayafi, har ta fara gyara masa in ya faɗa ba daidai ba. Suka iske Ɗan Bala a ƙofar gidansa. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya zauna a ƙasa. Ya ce Malam Alkasum yana bayan gidan nan, ya koma neman uwarsa har ya ga mushen jakin, ya bi ƙauyuka bai samu labari ba, an riga an yi mata addu'a an raba sadaka.

Alkasum ya fito, dogo, rawani ya rufe masa baki. Ya ga wadda ake saukowa da ita daga mota, ya tsaya cak, sannan ya durƙusa a gabanta. Matan gida suka yi ta guɗa, unguwa ta cika. Yara suka fito da gudu suka faɗa jikinta. Tala ta dafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, fo, hinka, karad. Hannunta ya tsaya a iska yana neman na huɗu. Ƙyanda ta ɗauke ƙaramin bayan isowarsu. Dalhatu ya kashe manyeto, ya ja Amadu suka koma wajen mota.

Suka kama hanyar dawowa har suka wuce gulbi. Sannan Zalika ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Mushe, in ka koma Yamai kar ka sa muryata a gaban mutane."

"Ba zan sa ba sai kin yarda."

Ta ce, "Wurin ƙirgan kana iya sawa."

Da ya koma jami'a ya kunna wa Mushe Attahiru kasat ɗin a buro, ofishinsa. Malam ya saurara ya cire tabarau, ya rufe ƙofa, ya ce a mayar daga farko. Bai tambayi ina Gobirancin da aka aike shi ba sai da suka ji kasat ɗin har ya ƙare. Dalhatu ya ce ai yana nan, ya san inda zai koma ya ɗauko shi. Ya koma kuwa, ya sake komawa, har mahaifin Zalika ya aiko a tambaye shi ko Gobirancin garin duka a gidansa aka tara shi.

An yi ruwa a daminar tamanin da biyar. Buba ya dawo daga kudu da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba, ya rame, amma da ƙafarsa. Shi ya je Cadakori neman auren, da Hausarsa mai karkata, aka ba shi. Shef Amadu ya zo ɗaurin aure cikin babbar riga, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne rabin tafintan. Su Alkasum sun koma arewa da ciyawa ta fito. Tala ta rayu wasu shekaru, kuma duk mai zuwa daga wajensu sai ya kawo wa Zalika cuku a ƙulle cikin tsumma.

Dalhatu bai zama babban malamin jami'a ba, bai ma nema ba. Da ya samu lisans, digirinsa na farko, aka ɗauke shi aikin yaƙi da jahilci a Agye, ya yi shekaru yana bin ƙauyuka da ruggage a kan mobilet, ƙaramin babur, yana koya wa manya rubuta Hausa da Fulatanci. Daga baya ya koma Gazawa yana horar da malaman da za su fara koyar da yara da harshen gida kafin Faransanci. Ɗalibansa sun ce ba a taɓa gama darasi da shi a kan lokaci ba, don da wani ya yi tambaya da wani lafazi baƙo, darasi ya tashi daga kan allo ya koma kan bakin mai tambaya.

Yanzu ya yi ritaya, gashi ya yi fari, ido ya fara rauni. Kwanan baya aka ba shi rana a asibitin ido na Maraɗi. Zalika ta riga shi tafiya ta kama masa layi, shi ya biyo baya a motar haya daga Agye. A kujerar bayansa akwai wasu samari biyu masu zuwa haƙar zinariya, suna hira da wani yare da bai taɓa ji ba. Ya juya ya ce su yi haƙuri, yaya ake cewa hannu? Suka faɗa. Hannaye fa? Mota ta shiga Maraɗi ta sauke mutane ta ɗauki wasu ta fita, bai sani ba. Sai da yaron mota ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ga Gidan Rumji, kai ina za ka sauka ne?" Ya ari wayar yaron ya kira Zalika. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko aƙalla ya gano yaren. Ya ce saura kaɗan, samarin Tawa za su, yana ganin in ya raka su zuwa Madawa zai kama bakin zaren. Ta ce ya sauko daga motar nan tun tana magana da hankali. Ya sauka.